Inda Sule Ɗan Dudu Ya Nuna

Duk wanda ya san Sabon Gungun Marke, ƙauyen nan na bakin tafkin Kainji ta wajen Ngaski, ya san Baba Sule ɗan Dudu. Shi ne tsohon da ke zama gindin darbejiya yana ɗinkin taru, yana yi wa samari faɗa wai injin jirgi ya kashe musu damtse. Ya haura tamanin. Haƙora huɗu suka rage masa, amma bakin nan bai rage komai ba. In ka gaishe shi a gurguje zai tambaye ka wa ya biyo ka, in ka tsaya ka ja gaisuwar zai ce ba ka da aikin yi. Duk da haka ana ji da shi, domin shi kaɗai ya rage cikin mazan da suka yi aure a tsohon gungu kafin ruwa ya cinye shi. Abin da ba a sani ba sai kwanan nan shi ne, tsohon nan yana ɗauke da wata ƙarya da ya yi yana ɗan shekara ashirin da huɗu, kuma ƙaryar ta ƙi barinsa.

A Gungun Marke aka haife shi, tsibiri ne a tsakiyar Kwara, inda ake noman albasa da gero, ana su, ana kokawa bayan girbi. Ubansa ya tafi a ruwa tun Sule na goye, ba a ga ko hularsa ba, shi ya sa ake kiransa da sunan uwarsa, Dudu. Ya tashi da Gunganci a gida da Hausa a kasuwar Yelwa. Da ya zama saurayi ya yi shekara biyu yana tuƙa wa masu awon ruwa jirgi, waɗanda suka zo auna inda ruwan madatsa zai kai, a nan ya tsinci ɗan Turancin da bai fi cikin cokali ba. Amma a gungu cikin cokalin nan ya isa a ce da mutum tafinta. Sule kuwa ba ya raina kansa. Ya auri Saratu, yarinya mai yawan dariya wadda ba ta jin tsoron gaya masa in ya cika baki.

Shekara ɗaya kafin a toshe ruwa, wani baƙo ya sauka a gungu da jakar fata da littattafai da wata 'yar na'ura mai allura da ke nuna arewa. Baƙi ne kamar kowa, siriri, mai dogon hanci. Ya ce daga Habasha yake, sunansa Gatachau, kuma ya zo ne ya rubuta harshen mutanen gungu da al'adunsu da fasalin ƙasarsu kafin tafki ya rufe. Mutane suka kasa sunan, suka sa masa Malam Habashi.

Dagacin gungu ya kira Sule gefe ya ce, "Kai za ka bi shi. Ka ba shi abin da duk yaka so, amma ka san abin da ba a ba baƙo."

Sule ya sani, kowane ɗan gungu ya sani. Abu biyu ne: gurbin kifi da makabarta. Masunci ba ya nuna wa baƙo inda giwan ruwa ke kwana, kuma ba ya cewa "ba zan faɗa ba," domin wannan rashin kunya ne. Sai ya yi murmushi ya nuna wani wuri daban. Makabarta kuwa, tsofaffi sun ce an taɓa yin wasu baƙi da suka tone kabari don neman asiri, tun daga nan aka daina kai wanda ba ɗan gari ba. Ba a kafa wa kabari alama. Tana can yamma, bayan ciyawar kyauro da kurmin geza, sai wanda ya taɓa ɗaukar gawa ya san hanyarta.

Wata uku Sule yana bin Malam Habashi. Mutumin nan akwai naci. Sai ya sa ka maimaita sunan kifi sau biyar, ya leƙa bakinka ya ga inda harshe ke taɓawa, sannan ya rubuta. Ya tambayi yadda ake ƙidaya, yadda saurayi ke yi wa surukai noma, wa ke fara cin sabon gero, me ake faɗa in jirgi ya kife. Yana cin tuwo da miyar kuka ba ya yatsina fuska. Sule ya so shi, wannan ba a musu. Kuma a kan kalmomi da al'adu bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Wata rana da hantsi suna zaune kan Dutsen Kada, babban dutsen da ke kan gungu ta arewa, inda Malam Habashi ke kafa na'urarsa yana auna komai daga nan, sai ya rufe littafi ya ce:

"Sule, bari in ba ka labari. Shekara ɗari uku da suka wuce wani Bature ya rubuta babban littafi a kan ƙasarmu: duwatsunmu, kogunanmu, harsunanmu, yadda muke aure da yadda muke binne mamaci. Bai taɓa taka ƙasar ba. Mutum ɗaya ya samu, ɗan ƙasarmu da ya yi nisa da gida, ya zaunar da shi yana tambaya yana rubutawa. Allah ya sa mutumin mai gaskiya ne. Bayansa wasu sun zo da ƙafarsu sun rubuta nasu. Ni na yi shekara shida a kan alfadari ina bin abin da suka rubuta. Inda aka gaya musu gaskiya na same ta. Inda ɗan jagora ya gaji ya nuna da baki, na sami kogi a takarda, babu shi a ƙasa. Amma ni ina da ƙasar da zan je in duba. Taku za ta shiga ruwa. Bayana ba wanda zai zo ya duba."

Sule ya gyaɗa kai ya ce haka ne. A ransa kuwa cewa ya yi, masu karatu akwai son dogon zance. Yunwa ma yake ji.

Da la'asar ɗin ranar baƙon ya nemi a kai shi makabarta don ya sa ta a taswira. Sule bai ko yi jinkiri ba. Ya ja shi gabas, gindin wasu giginyu uku, inda wani tsoho ya taɓa noman dankali ya bari. Kunyoyin sun zaizaye, ciyawa ta rufe su, ga su nan jere, kowace tsawon mutum. Sule ya sassauta murya ya ce, "Ga kakanninmu."

Malam Habashi ya tsaya. Ya sunkuya ya kwance takalmansa ya ajiye gefe. Ya cire hula, ya shiga tsakanin kunyoyin a hankali yana kaffa-kaffa kada ya taka ko ɗaya, ya tsaya ya yi addu'a irin ta addininsu, leɓunansa na motsi. Ya daɗe. Sule na bayansa yana cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace masa. Da yamma ya ba samari labari a bakin ruwa, aka yi ta faɗuwa ƙasa don dariya, dagaci ma da ya ji ya ce yaron nan ya iya. Saratu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mutum ya tuɓe takalmi don mutanenka, kai kuma kana mishi dariya." Sule ya ce mata ba ta san komai ba game da al'ada.

Baƙon ya tafi da kaka. Da bazara Saratu ta zo haihuwa, abin ya zo da gardama, ta kwana biyu tana fama, ta tafi ita da ɗan. Sule da kansa ya ɗauki makara ya ratsa kyauro da geza zuwa yamma. Ranar ce ya fara samun nasa a makabartar nan. Yana zuba ƙasa, ba fuskar Saratu ce ta zo masa ba, sai ƙafafun Malam Habashi, tsirara cikin ciyawa, suna kauce wa kunyar dankali. Ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, kuma babu inda zai kai ta, domin mutumin ya riga ya tafi, ba a san ko ina ba.

Wata huɗu bayan haka aka kwashe su da tukwane da awaki zuwa gidajen siminti da aka gina musu a tudu. Ruwa ya hau a hankali, ya ci gonakin albasa, ya ci masallaci, ya ci giginyu. Dutsen Kada kaɗai ya tsira da kansa a waje, da kuma ƙololuwar babban marken da gungu ya ci sunansa, wanda ke dab da makabarta.

Sule ya ci gaba da rayuwa kamar kowa. Ya sake aure, ya haifi 'ya'ya bakwai, ya binne Inna Dudu a tudu, ya yi su har ƙarfinsa ya ƙare, ya koma ɗinkin taru. Amma duk shekara in bazara ta yi, sai ya ɗauki kwale-kwale shi kaɗai ya tafi wajen marken, ya ajiye filafili ya yi wa Saratu addu'a. Shekara tara marken ya yi yana ruɓewa a tsaye, sannan wata iska ta kwantar da shi. Sule ya koma auna wurin da dutsen da wata kuka da ke gaɓar yamma: in kukar ta zo daidai kafaɗarsa ta hagu, ya iso. Aka zo aka sare kukar aka yi gona. Ya koma yin ƙiyasi da ido, idon kuma ya fara yin yana. Shekara goma sha biyu ke nan rabonsa da zuwa, domin zuwan ƙarshe da ya yi ya yi ta kewaya ruwa har rana ta yi tsaka bai san inda yake ba, ya dawo bai gaya wa kowa ba.

Ita kuwa takardar Malam Habashi, ya ɗauka ta tafi Habasha gara ta cinye ta. Haka ya fi so.

Bara jikarsa Zulai'atu, wadda ke karatun harsuna a jami'a, ta dawo hutu tana rawar ƙafa. Malaminta ya haɗa ta da wani ɗakin ajiyar littattafai na ƙasar waje, aka turo mata hotunan wasu tsofaffin takardu a waya, ashe na Malam Habashi ne. Ta kai su Yelwa aka buga mata manya. Kalmomin Gunganci ne fiye da dubu, har da waɗanda yanzu ba mai faɗarsu, da bayanin kokawa da na aure, da taswirar Gungun Marke, an ja layi daga Dutsen Kada zuwa kowane wuri an rubuta nisansa.

Ƙauye ya ɗauka. Mutanen da aka haifa a tudu, waɗanda tun suna yara ake ce musu "can ƙarƙashin ruwa garinmu yake," suka taru ƙofar masallaci suna ɗora yatsa a takarda. Ga rijiya, ga fagen kokawa, ga gidan dagaci. Wata tsohuwa ta fashe da kuka da aka nuna mata unguwarsu. Sai Liman Abdulƙadir, wanda aka kawo tudu yana ɗan shekara shida, ya ga inda aka zana giginyu uku da 'yan layuka jere a gabas. Ya ce, "Wanga hwa?" Zulai'atu ta karanta ta ce makabarta ce. Liman ya ce shekara hamsin da biyar ba wanda ya ziyarci iyayensu, ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko za a ɗauki jirage a tafi.

Baba Sule na gefe a kan tabarma, allurar taru a hannunsa. Kwana uku yana juya abin, ya rasa ta inda zai fara. Ranar Alhamis da safe ya dogara sanda ya tafi zauren Liman, ya sa aka kira Zulai'atu.

"Wurin ga da kuka shirin zuwa," in ji shi, "ba makabarta ta ba. Gonar dankali ta. Ni nik kai baƙon da yaz zana takardar, ni niy yi mishi ƙarya. Makabarta tana yamma."

Ya ba su labarin duka, har da takalman. Bai taɓa faɗar wannan ga kowa ba tun bayan Saratu. Liman ya saurara da ladabi, ya ce, "Baba, ai addu'a ba ta ɓata hanya. Ko daga nan munka yi ta, Allah ya san inda bayinai suke kwance."

"Na sani, Liman. Ba Allah nika gyara ma ba. Takarda nika son a gyara."

Zulai'atu ta ce to, gobe sai ya shiga jirgi ya nuna musu, ita kuma ta rubuta ta aika wa masu ajiyar takardun. Yarinyar ta yarda da shi, ko kuwa tana son ta yarda.

Jirage biyar suka tashi ranar Juma'a. An zaunar da Baba Sule a gaban na farko, an ba shi laima. Da suka iso Dutsen Kada ya ɗaga hannu ya ce a yi yamma. Aka yi yamma. Ya ce a kashe inji. Ruwa ne shimfiɗe ko'ina, launi ɗaya, ba marke, ba kuka, gaɓar ma sai wani farin hazo yake gani. Ya nuna wani wuri ya ce nan. Aka matsa. Ya waiwaya ya dubi dutsen ya ga kamar ya yi kusa da yawa, ya ce a'a, a ƙara gaba. Aka ƙara. Ya ce a koma kudu kaɗan. Rana na dukan mutane, wani yaro ya fara amai, mata na gyara lulluɓi suna kallon juna. Ya nuna wuri na uku, shi kansa ya san bai sani ba.

Wani magidanci daga jirgi na biyu ya ce, ba da mugunta ba, "Ni dai ina tuna giginyu. Muna yara an hana mu zuwa wajen giginyu." Ƙarya ce, ko kuwa mai gonar dankali ne ya kore su, amma nan take mutum uku suka tuna da haka su ma.

"Ba ku taɓa ɗaukar gawa a gungu ba!" in ji Baba Sule. "Ni na ɗauka. Matata na nan!"

Liman ya nuna takardar da ke hannun Zulai'atu ya ce ta karanta masa rubutun da ke ƙasa. Ta dubi kakanta. Ya sake cewa ta karanta. Ta karanta a hankali, tana fassarawa: duk wuraren da ke wannan taswira, Sule ɗan Dudu ne ya nuna su, saurayi mai kaifin hankali, wanda a wata uku ban taɓa kama shi da kuskure ba.

Aka yi 'yar dariya mai taushi, irin wadda ake yi wa tsoho.

"To Baba," in ji Liman, "kai da kanka kan nuna, lokacin idonka na gani, gungu na bisa ƙasa. Yanzu kuwa girma ya zo. Wa za mu bi cikinku?"

Yaron nan mai cizon leɓe a bayan baƙo ya fi Baba Sule na yau shaida, ya fi shi murya, kuma an rubuta shi da tawada. Aka tada inji aka juya gabas. Zulai'atu ta auna nisan da wayarta, aka tsaya, aka ɗaga hannuwa sama. Mutane na kuka da gaske, suna kiran sunayen kakanninsu a kan gonar dankali. Baba Sule ya ɗaga nasa hannun shi ma, don ba ya iya zama hannu a ƙasa ana addu'a, amma bai kira sunan kowa ba.

Zulai'atu ta rubuta abin da ya faɗa ta aika, an ce an karɓa an gode, za a ajiye tare da sauran takardu a matsayin abin da wani dattijo ya tuna. A ƙauye kuwa magana ta ƙare. Samari suka sami farar jarka babba suka ɗaure da igiya da dutse suka kafa a wurin giginyu. Sarkin ruwa ya yi shela cewa daga yau ba mai jefa taru ko mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi, kusa da jarkar nan, don girmama na ƙasa. Masunta suka bi, har suna rage gudun inji in za su wuce. Da yake gabas ta haramta, sai suka karkata yamma da dutse, suka kuwa tarar kifi na taruwa a can fiye da ko'ina.

Wata rana da azahar surukarsa ta kawo masa tuwon shinkafa da romon tarwaɗa, manya-manya masu ƙiba, irin waɗanda yake so saboda ba sa wahalar da dasashi. Ɗansa Aminu ne ya kamo su da safe. Baba Sule ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwo, sannan ya tsaya.

"Aminu, ina kaj jefa taru yau?"

"Yamma da dutse, Baba. Wurin akwai albarka. Taru na kai ƙasa sai ka ji shi ya yi nauyi, har laka muka jawowa."

Tsohon ya dubi kwanon ya daɗe. Ya mayar da lomar, ya rufe, ya ture shi gefe da bayan hannu. Aminu ya tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa, ya ce a'a. Tun daga ranar Sule ɗan Dudu, wanda aka yaye da kifi, bai ƙara sa kifin tafki a bakinsa ba. Gidan suna cewa tsufa ne, tsoho kan tsiri abubuwa. Shi kuwa kullum da safe yana zaune gindin darbejiya, yana ɗinke tarun da za a je a jefa a kan matarsa.